Tulunan Iska

Tun ranar da na dawo daga ƙasar Binin ba ku bar ni na huta ba. A gidan suna a tambaye ni, a bakin rijiya a tambaye ni, a ajinmu na yaƙi da jahilci ma sai Malama ta ajiye alli ta ce, "Rakiya, ɗan gutsura mana." Ni kuwa ba mai yawan magana ba ce, kun sani, kuma akwai wuraren da in na zo kansu da baki sai murya ta ƙi. Shi ya sa na ce bari in rubuta, tunda an koya mana. In kun ga kuskure ku gyara, hannuna bai daɗe da sanin fensir ba. Wadda ta fi son labari da gishiri ta je wurin Ladi, ƙanwar maigidana.

Da farko, ba Binin ta Najeriya nake nufi ba. Dahome ce, sojojinsu suka canza mata suna.

Kun san Malam, maigidana, magini ne na ƙasa. Duk shekara in damina ta ɗauke yakan tafi cin rani. Bara wani ɗan kasuwa, Alhaji Mudi na garin Jugu, ya kira shi ya gina wa matan wani ƙauye mai suna Onkulu ɗakin ajiye man kaɗanya, don a ɗakin kwano man narkewa yake yi kafin masu saye su zo. Ya tayar da bango, ya yi rufi. Saura kaɗan ya gama sai ciwon ciki ya kama shi, kwana uku. A Jugu aka rufe shi. Iyakar abin da zan ce a kan wannan ke nan.

Wani direba da ake kira Ɗan Gaya, mai jigila tsakanin Kamba da can, shi ya kawo mana kayan aikinsa a buhu. Saura kwana goma in fita takaba ya sake biyowa gaisuwa. Mutumin kirki ne, amma bakinsa ba shi da murfi. Yana daga zaure, ina daga ciki, na ji yana gaya wa Ladi cewa za a rushe ɗakin kafin ruwa ya sauka. Wai Malam ya binne tuluna goma sha biyu a cikin bango, bakinsu a toshe, ba wanda ya san abin da ke ciki. Wai matan sun ƙi shiga. Wai ana cewa abin da ya binne ne ya juyo ya ci shi.

Mutumin da bai taɓa ɗaura ko laya ba.

Ni na san tulunan nan. Duk wadda ta taɓa zama a ɗakina da bazara ta san su, don ku da kanku kuke cewa ɗakin Rakiya kamar gindin randa. Shekarar da aka kawo ni, mahaifiyata, wadda ginin tukwane ce sana'arta, ta haɗo ni da tulu bakwai na hannunta. Wata rana na dawo daga unguwa na tarar Malam ya sa shida a bangon ɗakin da yake gina mini, uku a ƙasa, uku a sama can kusa da rufi. Da bango ya bushe ya fasa gindinsu. Kwana uku ban yi masa magana ba. Shi ma bai ce komai ba, da ma haka yake. A rana ta huɗu, da azahar, na ji sanyi yana shafar ƙafata daga na ƙasan, zafi yana fita ta na saman, sai na tashi na dama masa fura.

Na bakwai ɗin shi ya rage mini, kuma shi ne ya ɓata bara, daidai lokacin da Malam ya tafi. Ban yi dogon bincike ba. Ladi ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, abokiyar wasata, kuma a duk garin Jega babu mai aro irin nata. Turmina ya yi azumi biyu a gidanta. Na ce ita ce, ta rantse ba ita ba ce, na ce da ma ai ba ta taɓa cewa ita ce ba.

Ran da na fita takaba na ce zan tafi. Mata ba ma zuwa maƙabarta, to ɗakin nan shi kaɗai ne wurin da zan iya zuwa. Ladi ta ce, "Matarmu, ke da ko Birnin Kabi ba ki taɓa wucewa ba? Ai sai a sayar da ke a musanya da doya. Tashi mu tafi."

Muka shiga motar Ɗan Gaya da sassafe. Ya ba mu gaba, mu biyu a kujerar mutum ɗaya, kuma kun san Ladi ba ƙaramar mace ba ce. Daga Kamba muka faɗa ƙasar Nijar, muka ratsa Gaya, sai ga gada a kan Kwara. Ladi ta rufe ido tun daga wannan baki har wancan, tana salati, hannunta a cinyata. Har yau da shatin.

A ƙetare, garin Malanbil, nan ne ƙofar ƙasarsu. Akwai tuta koriya da jan tauraro a kusurwa. Aka sauke mu aka jera. Wani soja baƙi siriri ya fito, ya ɗaga dunƙulen hannu sama, ya daka tsawa:

"Ehuzu!"

Ni abin da kunnena ya ji shi ne "A'uzu". Na ce a raina, ashe ƙasar masu tsoron Allah ce, soja ma da neman tsari yake fara aiki. Sai na ƙarasa masa, ni da Ladi baki ɗaya: "Billahi minash shaiɗanir rajim!"

Sauran fasinja kuwa "Dandan!" suka amsa.

Sojan ya tako ya tsaya a gabanmu. Ɗan Gaya ya ruga ya shiga tsakani, yana ta zuba Faransanci, yana nuna kanmu da yatsa yana juya shi. Daga baya ya ce mana kalmar ta yaren mutanen kudu ce, ma'anarta al'amura sun juya, juyin juya hali ke nan, kuma amsarta "dandan", wato tabbas. Ya ce, "Ku kuwa mutum ya ambaci gwamnatinsa kun nemi tsari daga shaiɗan!" Na tambaye shi me ya gaya wa sojan har ya ƙyale mu. Ya ce ya gaya masa ba mu da cikakken hankali. Ladi ta ce, "Ka kyauta, ɗan albarka. Allah ya ba ka mata irinmu."

A cikin ofis mai rubutu ya tambayi sunana, na faɗa. Ya tambayi sunan mijina, na ce Malam. Ya ce Malam wa? Na sunkuyar da kai. Shekara ashirin da shida ban kama sunan nan da bakina ba, ba zan fara a gaban baƙon namiji ba. Ladi ce ta faɗa. Ya buga hatimi, ya miƙo takarda, ya ce, "La lut kontini." Ɗan Gaya ya fassara mana da Faransancin mutanen Nijar: wai kokawa tana ci gaba. Ladi tana son kallon kokawa. Tun daga nan har Kandi tana leƙe ta taga, duk inda ta ga taro sai ta ce a tsaya. Ba mu ga ko ɗan kokawa ɗaya ba. Ashe gwagwarmayar juyin nasu suke nufi.

A ƙasar nan kowa Kamarad ne. Soja Kamarad, mai tallan lemo Kamarad, tsoho mai furfura Kamarad, yaron da ya haifa ma Kamarad. Ba ranka ya daɗe, ba durƙuso a gaban ma'aikaci. Na ga ɗan saurayi ya miƙa wa dattijo hannu a tsaye, na kawar da kai don kunya. Amma na lura in an bar bakin titi aka shiga lungu, durƙuson yana nan, har ya fi namu. Gaisuwarsu ma ta fi tamu tsawo.

A Kandi muka ci abinci. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa yana yanka dasashi. Sai wani abu da Fulaninsu ke yi da nono, wagashi, bayansa ja cikinsa fari, a soya a jefa a miya. Ladi ta ɗauka tsoka ce, ta yi murna, ta ciza, ta ce, "Naman ƙasar nan ba shi da ƙashi, ba shi kuma da nama." Ta ci guda biyar.

Washegari da hantsi muka shiga Faraku, wanda su suke rubutawa Parakou. Babban gari ne, nan jirgin ƙasa yake tsayawa, manyan motocin Nijar su kwashi kaya su yi arewa. Hausa kuwa ko'ina, sai dai an cuɗa ta. Kwano su ce tol, siminti su ce sima, lantarki su ce kuran. Masaukinmu gidan yayar Alhaji Mudi ne, Hajiya Kande, a wata unguwa da har na baro ban iya kiran sunanta ba. Kpebiye. Sai ka haɗa leɓe da maƙogwaro a lokaci ɗaya. Ladi ta gwada sau uku, a na ukun goro ya fito.

Kakannin Hajiya fataken goro ne, sun zauna a nan tun kafin zuwan Nasara. Ta karɓe mu hannu biyu, ta yi mini gaisuwa, ta sa aka kirɓa mana sakwara. Sannan ta kai mu sabon ɗakinta na alfarma, sima da tol, tagogin gilashi, da fanka a sama wadda take kira bantilate. Ta ce mu yi siyes, wato barcin rana, don a can in rana ta take kowa rufe ƙofa yake yi, har ofisoshi. Mun kwanta ke nan aka ɗauke kuran. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya.

Ban taɓa shiga tanda ba, amma yanzu na san abin da waina ke ji. Kwanon yana ƙara ƙas-ƙas a kanmu. Na taɓa bango, kamar bayan tukunya. Ladi ta tuɓe ɗankwali tana fifita da faifai, ta ce, "Matarmu, da kin kawo tulun nan da kika ɓoye kika ce ni na ara, da mun fasa mun sa a bangon Hajiya." Na ce, "Da kin dawo da shi, da na kawo." Da muka leƙa waje muka tarar da Hajiya kanta a tsohon ɗakin ƙasa na kakarta, can bayan gida inda ake ajiye albasa, tana barci har da minshari. Sabon ɗakin na baƙi ne.

Daga Faraku zuwa Jugu wata ƙaramar mota muka shiga, an cusa mu kamar goro a huhu, da akuya a kan rufi tana leƙo mu. Taya ta fashe sau biyu. Ƙasar tana da itatuwa, kaɗanya da ɗorawa ko'ina, ga kunyar doya manya-manya kamar an kifa kwanduna.

Alhaji Mudi dattijo ne gajere mai sanyin murya. Shi ya yi jinyar Malam, shi ya yi masa sutura. Ya fito da ni ƙofar gida ya nuna mini wasu itatuwa can gabas da gari, ya ce a gindinsu yake kwance. Na duba. Na yi abin da ya sawwaƙa na addu'a. Muka koma ciki.

A gidan nan na ji suna cewa "matar Maso ta zo". Na tambaya, aka ce haka suke kiran magini, daga Faransanci. Ladi ta kama baki: "Maso? Yayan nawa da ko sannu sai an roƙa? Maso wa?" Amma sunan bai yi mini ciwo ba, kuma shi ina iya faɗarsa.

Bayan la'asar na tambayi Alhaji maganar tuluna. Ya daɗe yana murza carbi. Ya ce, "Rakiya, ban so ki ji ba. Mutumin kirki ne, ni shaida ne. Amma da idona na gani, da kunnena na ji. Ya sa mata suka gina masa tuluna. Ya cika kowanne, ya toshe baki da laka, ya yi bisimilla, ya sa a bango. Mutanen ƙauye suka ce in tambaye shi. Na ce, Malam, waɗannan na mene ne? Ya ce, na iska ne. Na ce, na me? Ya ce, na iska, ta nan za ta shiga, ta can za ta fita. Ni kuwa yadda ya faɗa haka na fassara musu."

Na ce, "Alhaji, da wace iskar ka fassara?"

Ya dube ni. Na dube shi.

Allah ya yafe mini, dariya ta kama ni. Wata huɗu da kwanaki ban yi ba, sai a gidan da aka yi masa wanka. Na toshe baki da mayafi, ta ƙi tsayawa, har ta koma wani abu dabam, Ladi ta riƙe ni. Malam yana nufin iskar da ke kaɗa ganye. Alhaji ya gaya wa gari guda cewa maginin ya yi wa iskoki ƙofar shiga da ta fita.

Alhaji ya ce, "To ke ki duba. Mutum ya cika tulu, ya toshe, ya yi addu'a, ya binne, ya ce na iska ne, bayan kwana kaɗan ya faɗi. Ke me za ki ɗauka?" Na ce gaskiyarsa. Laifin rabi na Malam ne, da bai iya ƙara kalma biyu a kan magana ba. Alhaji ya ce yanzu ba shi ne abin ji ba. Gwamnati tana yaƙi da maita da tsafi, kwamitin ƙauyen ya riga ya yanke, ranar Asabar, ranar aikin gayya, za a rushe a sake da sima da tol. Ranar Alhamis ce muke wannan magana.

Juma'a da hantsi muka isa Onkulu. Na hango ɗakin tun kafin a nuna mini. Bango mai kauri, ƙasansa ya fi samansa faɗi, ƙofa tana kallon inda rana ba ta bugu, rufin ƙasa sannan jinka a bisa da rata a tsakani, saboda ruwan ƙasar ya fi namu yawa. Bakin jinkar ya sauko ya yi wa bango inuwa. A jikin yaɓen ga sawun yatsunsa. An kewaye ɗakin da ƙaya, kamar rijiyar da ta ci mutum.

Aka kai mu ofishin shugaban kwamiti, wanda suke kira Delege. Ɗakin kwano ne, a gabansa ga wani ƙaton kututture. Alhaji ya raɗa mini cewa itaciya ce babba, aka sare ta bara don an ce mayu suna taro a kanta. Delege mutum ne mai kamar shekara talatin da biyar, da tabon salla a goshi, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Yana jin Hausar kasuwa. A gefe ga shugabar masu man kaɗanya, wata tsohuwa mai ƙarfin hannu da suke kira Farzidan, da mata sun fi ashirin a waje.

Ya ce, "Kamarad Madam, sannu da haƙuri. Amma revolisiyo, wato juyin juya halinmu, ba ta yarda da tsafi ba."

Ladi ta ce, "In ba ta yarda da shi ba, me ya sa take jin tsoronsa?"

Alhaji ya yi tari mai tsawo. Na taka ƙafar Ladi.

Delege ya ce, "Me mijinki ya sa a ciki?"

Na ce, "Ƙaiƙayi."

"Don me?"

"Don kada nauyin ɗanyar ƙasa ya murƙushe tulun. In bango ya bushe sai a buɗe."

"A buɗe don me?"

Na ce, "Don iska."

Wani ya fassara wa na waje, sai wuri ya yamutse, mata suka ja da baya. Ladi ta miƙe tsaye, ta ce, "Kai jama'a! Ba ta bori ba! Ta Allah, mai busar da shanya!" Ta kama gefen zanenta tana kaɗawa, tana hura baki, tana juya hannu a sama. "Bantilate! Bantilate marar kuran!"

Farzidan ce ta fara dariya. Ta yi magana da yarensu, Alhaji ya fassara: ta ce in ƙaiƙayi ne, matarsa ta buɗe da hannunta, su gani. In ta fito lafiya, a bar ɗaki. Na gane damuwar Delege. In ya hana, ya nuna yana tsoro. In ya yarda, sai ya shiga tare da ni, don shugaba ne. Ya goge fuska ya ce, "Bon. Mu tafi."

Aka janye ƙaya. Na roƙi taɓarya da tsani. Ciki duhu, da warin ɗakin da ya daɗe a rufe. Ga bakunan tuluna shida a jere a ƙasa, ta wajen kudu maso yamma inda iskar bazara ke fitowa, ga shida can sama a bangon da ke fuskantarsu. Ni da Ladi da Farzidan muka shiga. Delege ya biyo mu taku biyu, ya tsaya inda zai iya kai wa ƙofa.

Na durƙusa gaban na farko. Toshiyar laka ce da Malam ya danna da babban yatsansa, ga sawun nan. Na yi bisimilla na ɓanɓare ta. Ƙaiƙayin dawa ya zubo. Na kwashe na gaba-gaba, na zura taɓarya har ta taɓa gindi, na buga yadda na ga yana yi, sau ɗaya, a tsakiya. Gindin ya faɗa waje tare da ɗan yaɓen da ya rufe shi. Haske ya shigo.

Delege ya matso, ya sunkuya, ya kai ido bakin tulun don ya tabbatar. A daidai nan Allah ya kawo iska. Ta kwaso sauran ƙaiƙayin ta watsa masa a fuska, fuu, kamar hayaƙi.

Ya yi tsalle da baya ya ce, "A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim!"

Ladi ta ɗaga dunƙulen hannu sama ta ce, "Dandan!"

Ban san wanda ya fara ba. Na dai ga Farzidan zaune a ƙasa tana riƙe da ciki, matan waje suna ture juna a ƙofa, Alhaji yana share hawaye da hula. Delege ya yi atishawa ta fi bakwai. Daga nan shi ma ya yi dariya, kuma na ga girmansa a wannan. Ya karɓi taɓarya ya fasa na biyu da kansa.

Na saman ni na hau. Ladi tana riƙe da tsani tana cewa in na faɗo ba za ta tare ni ba. Na buɗe biyar, duk ginin matan Onkulu ne, jar ƙasa, kyawawa. Da na zo na ƙarshe, a kusurwa, sai na ga wuyansa baƙi ne. Na share ƙura da yatsa. Zane uku a kewaye, da ɗan dannin yatsa a ƙarƙashi, alamar mahaifiyata. Ga ɓallin da ya yi a leɓe ranar da na buga shi a bakin rijiya.

Farzidan ta ɗago kai ta yi magana. Alhaji ya ce, "Ta ce wannan shi Maso ya zo da shi daga gida, ya ba su su kwaikwayi wuyansa. Da suka gina sha biyu ɗaya ya fashe a wuta, sai ya cika da nasa. Ya ce mai shi za ta yi faɗa kwana uku, sannan ta huce."

Na daɗe a kan tsanin. Ba wanda ya ce in yi sauri, har Ladi. Shi kaɗai ya rage mini daga hannun mahaifiyata, kuma lafiyarsa ƙalau, da za a iya haƙo shi a hankali. Amma ɗaki mai huda goma sha ɗaya ba haka ya tsara shi ba. Na ɓanɓare lakar, na kwashe ƙaiƙayi, na yi bisimilla, na buga.

Da na sauko sai na ji ta a idon sawuna. Sanyi-sanyi, a hankali, kamar a ɗakina.

Farzidan ba ta yarda da jin fata kawai ba. Ta sa aka kawo curin man kaɗanya biyu a ƙwarya, ɗaya aka ajiye a ɗakin, ɗaya a kan teburin Delege. Muka tafi, maza suka yi sallar Juma'a, aka ba mu sakwara da miyar kuɓewa. Da la'asar aka duba. Na ɗakin Malam yana nan a dunƙule, sai ɗan naso. Na ofis ya zama ruwa, ya bi ta tsagar ƙwarya ya jiƙa takardun kwamiti, har da wadda aka rubuta hukuncin rushewa. Delege ya ɗaga ta da yatsa biyu, haske yana ratsa ta. Ya ce, "Kamarad Madam, a Jega akwai wani maso da ya iya wannan? Biro ɗin nan, wannan ofis, zai kashe ni."

Ranar Asabar an yi aikin gayya, amma ba na rushewa ba. Na nuna musu abin da ya rage: a zuba yashi a gindin tulunan ƙasa a riƙa yayyafa masa ruwa, a saƙa 'yar raga ta kaba a rufe kowace huda daga waje saboda ɓera da maciji, in sanyi ya zo a toshe na ƙasan da tsumma. Matan suka yi ta shigar da mai, ƙwarya bayan ƙwarya. Alhaji ya tsaya a gaban jama'a ya faɗa da yarensu cewa kuskuren fassara nasa ne, kuma maginin mutumin Allah ne. Wannan na je nema.

Dawowa ba ta da labari sosai. Farzidan ta ba mu tsarabar mai curi guda babba, ya narke tun kafin Kandi a kan cinyar Ladi, shi ya sa kuka ga zanenta na atamfa ya koma na aikin gida. A Malanbil sojan nan ya gane mu, ya ɗaga hannu, muka amsa daidai, har ya sara mana.

Muna hawa gada, idonta a rufe, Ladi ta ce, "Matarmu, wata bakwai kina ce mini ɓarauniyar tulu. Ina jiran ban haƙuri."

Na ce, "Ki dawo mini da turmina tukuna."

Ta ce, "Wane turmi?"

Wurin da tulun yake zama a ɗakina, kusa da randa, har yanzu da ɗan ramin da gindinsa ya yi a daɓe. Da can in na share wurin sai raina ya ɓaci. Wasunku sun ce in sayi wani in ajiye. Na gode, amma ku bar shi haka. Ba ɓata ya yi ba. Yana can Onkulu, a kusurwar sama, yana aikin da Maso ya sa shi.